Sai Da Ya Nuna Kore

Alhamis, 4 ga Janairu, ƙarfe bakwai na yamma

Ban ƙarasa zagayen yau ba. Kifin yana nan cikin ƙanƙara, ba abin da zai same shi kafin gobe. Abokina Dod ne ya je ya ɗauko ni, daga baya ya koma da ƙaninsa suka kawo motar kifin daga bakin gada. 'Yata Ailsa ta tarar da ni zaune a kicin da kwat a jikina, ko fitila ban kunna ba. Ta ce, "Baba, lafiya? Ya na ga Dod da motarmu?" Na ce gwiwa ce ta riƙe ni a hanya. Ta durƙusa za ta duba, na ce ta bar ta.

Sama da shekara talatin ina kai kifi ƙofa-ƙofa, ƙauyukan gefen Ingila da safe, in haye gadar kogin Tweed in yi na gefen Scotland da rana. Ko kazar wani ban taɓa takawa ba. A tambayi duk mutanen Norham.

Juma'a, 5 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Ailsa ce ta tuƙa yau. Na ɗaure lafiyayyar gwiwa da bandeji na zauna a gefe ina nishi. Har ɗingishi na koya, sai dai nakan manta ƙafar da ke ciwon. Ba wanda ya hana ni tuƙi tukuna, sai abin da kotu ta ce. Hannuna ne kawai ya ƙi sitiyarin.

Yarinyar ta iya, ba yabon kai ba. Bara ta bar aikin ofis a Edinburgh ta dawo don ta gaji sana'ar nan, kuma ita ta zana sunanmu a jikin motar da hannunta, FAIRBAIRN DA 'YARSA. Duk ƙauyen da muka shiga sai ta danna hon irin nawa, dogo biyu gajere ɗaya, mata su fito da jakunkuna. Kowa sai ya yi wa gwiwata sannu. Wata ma har man zafi ta ba ni.

Lahadi, 7 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Dod ya biyo bayan coci, ya zube a kujerar matata marigayiya Jessie ba tare da an ce ya zauna ba, kamar yadda ya saba. Shi da ƙaninsa kaɗai suka sani.

"Talatin da ɗaya!" in ji shi. "Wattie, talatin da ɗaya fa kacal ma'aunin barasa ya nuna a numfashinka. A gefenmu sai ka haura talatin da biyar ka yi laifi. Su can suka tsayar da nasu a ashirin da biyu, don tsabar baƙin hali. Da a wannan bakin gadar aka tare ka, wallahi sara maka za su yi su ce a gaida gida."

Na ce ya rage murya, Ailsa tana sama.

"Kuma na'urar gwajin 'yan sandan nan ta banza ce. Wa ya san bakin mashayi nawa ta shiga kafin naka? Ba ka ce naka kore ya nuna ba?"

Na ce kore ya nuna.

Nawan da yake nufi ɗan abin busawa ne kamar ƙaramar tocilan, Ailsa ta ba ni kyautar Kirsimeti. Ka hura, in ya nuna kore ka kama hanya, in ya nuna ja ka zauna. Saboda zagayen farko na sabuwar shekara ta saya min shi. A ranar, tsofaffin masu sayen kifi ba sa barin mai kifi ya wuce sai sun ɗan tsiyaya masa wiski a bakin ƙofa. Haka aka yi wa mahaifina, haka ake min, kuma ƙin karɓa cin fuska ne. Na karɓi ɗan kofi ɗaya a wurin tsoho Ninian, gida na ƙarshe kafin gada. Na hura abin, na haye. 'Yan sanda suna tsaye a ɗaya bakin suna tare kowa. Wata yarinya a cikinsu, sa'ar Ailsa, ta karanta sunana a jikin mota, ta ce, "Barka da sabuwar shekara, Mista Fairbairn. Ɗan hura min nan." Sauran ba na son rubutawa. A ofishinsu sun karɓe min bel da igiyar takalmi kafin su rufe ni.

Ni ne fa nake yi wa mutanen ƙetare tsiya duk shekara, in ce su ko warin kwalba suka shaƙa sai dai su koma gida a ƙafa. Dod bai tuna min ba, na kuwa gode masa.

Talata, 9 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Na ce wa Ailsa likitan ƙashi zan gani, na shiga bas na tafi wurin lauya. Misis Kerr sunanta, 'yar guntuwar mace mai tabarau a goshi, ba ta da lokacin wasa. Na zazzage mata duk abin da Dod ya ɗora ni a kai, cewa na'urar ofishin 'yan sanda ta lalace.

Ta ce, "Mista Fairbairn, kowa da wannan maganar yake shigowa nan. Waccan na'urar tana gwada kanta kafin ka hura, ta sake gwada kanta bayan ka hura. Sau biyu ka hura mata, aka ɗauki mafi ƙanƙanta. In kana so in nemo takardun gyaranta zan nemo, amma zan ci kuɗinka ne a banza."

Na ajiye mata nawa a kan tebur, na ce to wannan fa? Ta juya shi ta duba bayansa.

"Shi ma bai yi ƙarya ba. Da ma'aunin Ingila aka saita shi. Wa ya ba ka?"

Na ce 'yata.

Ta sauko da tabarau kan hanci. "To wannan zai yi amfani. Ba zai wanke ka ba, amma zai sa alƙali ya sassauta. Shekara ɗaya ba tuƙi, wannan ba makawa. Sau nawa ka hura naka kafin ka haye?"

Na kalli taga. Ana yayyafi. Na ce na dai hura ya nuna kore. Ta dube ni jim kaɗan, sannan ta rubuta.

Alhamis, 11 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Da muka kusa gidan Ninian na ce wa Ailsa ta wuce, tsohon ya tafi wurin 'yarsa. Yana tsaye a taga da farantinsa a hannu. Ita tana kallon titi, ba ta gan shi ba. Tunda matarsa ta rasu bai taɓa rasa kifin Alhamis ba sai yau.

Asabar, 13 ga Janairu, da safe

Da a wannan gefen ne, da sun ce in gaida gida.

Litinin, 15 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Na je wurin Sheena, dillaliyar inshora. Tun motata ta farko ita ke nemo min kamfani. Na fara da "wani abokina ne," ta ce, "Wattie, zauna. Abokin naka motar kifi yake ja?"

Ga yadda abin yake. Inshorar motar da sunana take, Ailsa a ƙarƙashina take tuƙi, albarkacin shekarun da na yi ban taɓa karo ba. Za ta ƙare ranar bakwai ga Fabrairu. Da zarar kotu ta yanke, kamfanin ba zai sabunta ba. Ailsa kuwa shekararta ashirin da uku, kamfanoni ba sa son yara a babbar mota mai firji da tukunyar gas. Sheena ta ce za ta nema, amma ba ta yi alkawari ba.

Na ce Dod ya ce in yi shiru kawai a sabunta.

"Dod!" in ji ta. "Dod da ko kekensa ba birki? Ka yi shiru, ranar da Ailsa ta gogi motar wani su bincika su gano, su ce da ma can ba inshora. Ita za a kama, ba kai ba, ba Dod ba."

In ba inshora, motar ba ta fita daga gida. In motar ba ta fita, Ailsa ba ta da abin zama a Norham. Wannan ne ya hana ni cin abincin rana, kuma har yanzu ban gaya mata komai ba.

Alhamis, 18 ga Janairu, ƙarfe bakwai na yamma

Ta sani.

Ninian bai jira a taga ba yau. Ya fito bakin titi da sandarsa cikin wannan sanyin, ba ko hula, ya tsaya inda dole a taka birki. Ailsa ta ɗaga murfin kantar motar tana cewa, "Baba Ninian, ka dawo ashe?" Bai ko kalle ta ba. Ya riƙo hannun rigata, idonsa taf da hawaye.

"Wattie, ɗana, ƙanin Dod ya faɗa min. Ni na jawo maka. Ni na tsiyaya, ni na ce sai ka shanye. Na zubar da kwalbar a makwarara, wallahi na zubar. Ka ce wa alƙalin ya zo ya kama ni, ni ba ni da abin yi da lasisi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ailsa ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallonmu. Ta yi ta maza ta naɗe wa tsohon kifinsa, ta raka shi har ƙofa, ta dawo ta zauna ba ta tada mota ba.

"Wane alƙali, Baba?"

Na gaya mata. Gada, yarinyar nan, talatin da ɗaya, kotu ranar talatin ga wata, da maganar Sheena. Ta saurara har na gama.

"Gwiwar fa?"

Na ce lafiyarta ƙalau.

Na ɗauka faɗa za ta yi, na ma shirya masa. Sai ta ce, "To abin da na ba ka fa? Ba ka hura ba?"

Na ce na hura.

"Me ya nuna?"

Na ce kore.

Ta tada mota, muka je muka gama zagayen ƙetare.

Juma'a, 19 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Na sauko na tarar da ita a kicin da kwalin abin a hannu. Ta tono shi daga cikin takardun Kirsimeti.

"Ga shi nan a rubuce, Baba. Ingila da Wales. Ban duba ba. Ni da aka haifa a bakin gadar nan, na yi karatu a ƙetare, ban duba ba. Na ga yana da araha na saya." "Ka yarda da shi ne don ni na ba ka."

Na ce ta daina, ba laifinta ba ne. Amma a hankali na faɗa, irin faɗar da ake yi don a rarrashi mai laifi. Na ji yadda ta fito daga bakina, kuma ban gyara ba.

Lahadi, 21 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

Ta yi min miyar kifi da madara da dankali, irin ta mahaifiyarta, wadda take cewa tana da wahala. Ta kawo min har kujera. Ta ce in huta, ita za ta wanke motar. Na cinye tas, har na ƙara.

Ba kofin Ninian kaɗai ba ne. Akwai na Misis Hetty tun da hantsi, nata mai zaƙi ne, ban sa shi a lissafi ba. Akwai kuma na gonar su Robson, kuma su hannunsu da nauyi wajen tsiyayawa. Ninian yana can yana jin shi kaɗai ne.

Laraba, 24 ga Janairu, da yamma

Dod ya zo da sabon ilimi daga wayarsa. Wai in ce maganin kurkure baki na yi amfani da shi. In ba haka ba, in ce ina da ciwon ƙwannafi, gyatsa ce ta ruɗa na'urar. In ba haka ba, haƙoran roba suna riƙe barasa.

Na ce, "Dod, haƙorana na halitta ne."

"Wa zai buɗe bakinka a kotu ya duba?"

Ailsa tana wanke kofuna, ta ce, "Kawu Dod, ka bar shi. Na'urarsu ba ta yi kuskure ba. Ni na yi."

Dod ya yi tsuru-tsuru, ya ce haba 'yar nan, ya dube ni yana jira in yi magana. Na tashi na zuba wa wuta itace.

Abin kunyar shi ne, da ya tafi na kira Misis Kerr na tambaye ta maganar ƙwannafin. Ta ce, "Sai ranar Talata, Mista Fairbairn. Ka sa taye."

Talata, 30 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

An gama. Shekara ɗaya ba tuƙi, da tarar kuɗi. Mafi sauƙin abin da doka ta yarda.

Na amsa laifi. Misis Kerr ta miƙe ta yi bayani mai daɗin ji, har ni na kusa tausaya wa mutumin da take magana a kansa. Dattijo ne mai hidimar tsofaffi, bai taɓa laifi ba, ya karɓi kofi don kada ya ci fuskar maƙwabci. Bai hau titi da ganganci ba, ya gwada kansa da na'urar da 'yarsa ta ba shi kyauta, na'urar da aka saya bisa kuskure da ma'aunin wancan gefen. Ta ɗaga abin sama kowa ya gani. Alƙali ya girgiza kai ya ce abin takaici ne, ya kamata masu sayen irin waɗannan su riƙa karanta kwali.

Ban waiwaya ba. Na san inda Ailsa take zaune, benci na biyu daga baya, da jar hularta a cinya.

A waje, a kan matakala, ta gyara min taye duk da an riga an gama da shi. Ta ce, "Ka yafe min, Baba."

Na ce, "Ba komai."

Laraba, 31 ga Janairu, da rana

Ba komai. Abin da na ce mata ke nan.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Jaridar yanki ta fito, kuma ba ta bar komai ba. Ga kanun labarin: Kyautar Kirsimeti ta raba mai kifi da lasisinsa. Ni kam tausayi na sha yau, har da mai kawo min biskit. Ailsa ce ta sha kallo. A ƙauyen farko na ƙetare wani mai bakin tsiya ya ce, "Ke ce mai kyautar? Don Allah ranar haihuwata kada ki wahalar da kanki." Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ba ne, irin wasan da ni ma da na yi. Ta yi murmushi, amma sau biyu tana zubar da canji.

Ina tsaye kusa da ita ina naɗe kifi.

Asabar, 3 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Sheena ta kira. Ta samo kamfani ɗaya tak da zai ɗauki Ailsa da sunanta. Kuɗin ya ninka uku, za su sa wa motar wata na'ura mai lura da yadda ake tuƙi, kuma da sharaɗin ba zan taɓa sitiyarin ba, ko gyara mata tsayuwa a tsakar gida, ko bayan shekarar ta cika. Suna son amsa kafin Laraba ta wuce.

Na yi murna kamar yaro. Na ce za mu iya, za mu ƙara ƙauye biyu.

Ailsa ta ce, "A'a, Baba."

Ta riga ta kira tsohon ofishinta, sun ce kujerarta tana nan. Ta ce ba za ta iya tsayawa a wannan kantar shekara da shekaru ana nuna ta ba, ga wadda ta sauke ubanta ta hau. "Kowa zai ce da ma abin da nake jira ke nan. Ni ma in na kalle ka a kujerar gefe abin da nake gani ke nan. A sayar da motar. Ka samu na hutawa."

Na ce ta yi tunani. Ta ce ta yi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Ban je coci ba. Ban ci komai ba sai shayi.

Litinin, 5 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Ailsa ta tafi bakin teku a Eyemouth sayen kifi, zuwan ƙarshe ke nan in ji ta. Bari in rubuta shi yadda yake.

Na fito daga gidan Ninian na shiga mota na hura. Ja ya nuna. Na ce ai yanzu na haɗiye, na bakina ne. Na ci burodi, na shanye ragowar shayin da ke filas, na sake hurawa. Ruwan ɗorawa. A nan mai hankali zai kira 'yarsa, tana gida, da ƙafa ma za ta iso kafin shayi ya huce. Amma da wane baki Wattie Fairbairn zai ce a zo a ɗauke shi saboda kofi uku? Na sauke gilashi na yi ta jan iska mai sanyi, sannan na hura a hankali da rabin numfashi. Ya nuna kore. Har murmushi na yi masa.

Kuma na san ma'aunin wane gefe ne. Ranar Kirsimeti na karanta kwalin tana kicin, na gani, na ture shi ƙarƙashin takardu don kada in ɓata mata kyauta.

Dod ya ɗora wa na'ura, na bar shi. Ninian ya ɗora wa kansa, na bar shi. Lauya ta ɗora wa kwali, na sa taye na zauna. Ita kuma ta ɗauka gaba ɗaya, na ce mata ba komai. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, ba ta gadar ba ma, ta miyar nan da na ƙara.

In na faɗa mata, wataƙila ta tafi kuma ba za ta sake kirana ba. In na yi shiru za ta tafi tana ƙaunata.

Talata, 6 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na tarar da ita a tsakar gida tana wanke motar don a ɗauki hoton talla. Ta kawo ƙarfen kankara ta ajiye a bakin bokiti, za ta kankare sunan. Na tsaya a bayanta na ce, "Ailsa, sau uku na hura."

Ba ta juyo ba. Na faɗa mata duka, ja, ruwan ɗorawa, rabin numfashi, Hetty, su Robson, da kwalin. Ban sa "amma" ko ɗaya ba. Ruwa yana ta zuba daga soso yana shiga hannun rigarta.

"Sau uku," in ji ta.

Na ce sau uku.

"Kuma ka karanta kwalin."

Na ce na karanta.

Sai ta juyo. Ban taɓa ganin fuskar Jessie a tata kamar yau ba. "Ka zauna a kotu matar nan tana ɗaga shi sama tana cewa 'yarsa, 'yarsa. Ka ji alƙali. Ka tsaya kusa da ni ana min dariya kana naɗe kifi."

Na ce haka ne.

"Na durƙusa zan duba maka gwiwa! Na ce ka yafe min! Har miya na yi maka, Baba!"

Ta jefe ni da soson, ya same ni a ƙirji. Ban kauce ba. Ta ce kwana nawa ba ta yi barcin kirki ba, ta ce Ninian ya rame, ta ce wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, duk gaskiya ne. Na ce ta tafi Edinburgh in tana so, amma kada ta tafi da kayan da ba nata ba.

"Kada ka gaya min inda zan tafi," in ji ta. Ta shige gida ta bugo ƙofa. Ƙarfen kankarar yana nan a bakin bokiti, ban taɓa shi ba.

Laraba, 7 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Ba ta yi min magana ba. Na taka zuwa gidan Ninian na gaya masa shi ne na uku, ba na farko ba. Ya ce, "Ashe a banza na zubar da kwalbata." Bai yi dariya ba. Bai kuma ce in zauna ba.

Da na dawo na ji ta a sama tana waya, tana faɗa wa wani ranar haihuwarta da lambar mota, irin abin da 'yan inshora ke tambaya. Na tsaya a ƙasan bene kamar ɓarawo har ta gama.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Na sauko da sassafe na tarar ta gama loda kifi. Sunan yana nan a jikin motar. Na ɗauko rigar aikina daga ƙusa ina ɗaurawa, ta ce, "Ba yau ba, Baba."

Na ce ai naɗe kifi kawai zan yi.

"Ba yau ba."

Na ce to sai yaushe?

"Ban sani ba." Ta miƙo min tafin hannu. Na ɗan jima kafin in gane. Na zaro makullin motar daga cikin makullaina, ya ƙi fita sai da na sa farce, na ajiye mata. Ta sa a aljihu ta hau. A bakin ƙofa ta sauke gilashi ta ce akwai ragowar miya a firji, ba don na cancanta ba.

Da rana na kasa zama, na taka har bakin gada na tsaya a gefenmu. Na ga ta tsaya a gidan Ninian ta daɗe. Ta zo ta wuce ni ba ta rage gudu ba, ta haye, ta hau tudun ƙauyen Ladykirk. A gidajen farko na ji hon, gajeru uku a jere, da sauri. Ba irin nawa ba ne. Na ce a raina ba za su gane ba, za su ɗauka mai kai wasiƙa ne. Sai na ga ƙofar farko ta buɗe, sannan ta biyu, wata ta fito a guje da jaka tana gyara ɗankwali.

Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na juyo gida. Ashe da nisa a ƙafa.